Kajin Ado Da Kejin Da Ke Bayan Motar Shanu

'Yan'uwa fatake da dillalai da masu motoci, yau muna neman ku yi mana uzuri, domin za mu ajiye maganar sa da saniya a gefe, mu sauko ƙasa mu yi maganar kaza. Mun san akwai wanda zai karanta wannan ya ce, "Haba Alhaji, duk abin da ke damunmu na kan iyaka da kuɗin hanya da tsadar dusa, ba ka ga abin rubutawa ba sai kaza?" To, a yi haƙuri a kai ƙarshe. Kazar nan da ake rainawa ta riga ta hau motarmu, kuma mu da hannunmu muka ɗora ta.

Duk wanda ke bin hanyar kudu ya san abin da muke nufi. Tirela ta sauke shanu a Ikko ko Badun, ta juyo da kaya, sai ka ga keji ɗaya ko biyu an ɗaure a bayan kan mota, an lulluɓe da buhu. Ka ɗaga buhun, sai ka ga wasu irin kaji da iyayenmu ba su taɓa gani ba: wata ƙatuwa mai gashi har ƙafa, wata fara sol mai gashi kamar auduga, wata baƙa ƙirin har zankonta, wata kuwa ruwan toka kamar tantabara. Ka tambaya, a ce maka saƙon Alhaji wane ne, ko kuma yaron mota ne ya zuba ɗan jarinsa zai sayar a Maraɗi ko Damagaram. A da tsarabar falke turmin atamfa ce da goro. Yanzu kaza ta shiga sahu, tun da waya ta zo kowa na kallon hotunan kajin duniya a WhatsApp da TikTok, ransa yana biyawa.

Mu ba mu ce sha'awar launi laifi ba ce. Yaya ma za mu ce haka, alhali da launi muke cin abinci? Kowa ya san yadda farin balami mai ƙaho ke tashi a kasuwa in Layya ta matso, ya bar ɗan'uwansa mai nauyi ɗaya da shi a turke. Uda ba ta cika uda ba sai an ga gabanta baƙi ko ja, bayanta fari, kamar an raba da igiya. Bafulatani tun daga nesa yake rarrabe farin bunaji da jan rahaji. A wajen kaji ma haka abin yake tun fil azal: farin zakara da jan zakara da baƙar kaza da wake-wake kowane da kuɗinsa, kuma wani lokaci mun san masu neman su da abin da suke yi da su. Wannan ba huruminmu ba ne, malamai sun daɗe suna magana a kai. Abin da ya dame mu abu biyu ne. Na farko, mutanenmu suna zuba kuɗi a kan abin da ba su san yadda ake gadonsa ba. Na biyu, hanyar da ake shigo da kajin tana iya jawo wa sana'armu abin da ba mu shirya masa ba.

Bari mu fara da kanmu, don kada a ce muna nuna wasu da yatsa. Shekarun baya, a wata kasuwar kan iyaka, muka ga wani bawan Allah da zakara ɗaya da kaza ɗaya ruwan toka, irin tokar nan mai ɗan shuɗi-shuɗi. Wallahi sun yi kyau. Muka taya, ya ce albarka, muka ƙara, har dai muka ba da kuɗin da a lokacin zai sayi matsakaicin rago. Lissafinmu irin na falke ne: kaza ta yi ƙwai goma sha biyu, ta ƙyanƙyashe goma, kowane tsako ya girma a sayar da shi rabin abin da muka sayi uwarsa, ai kafin shekara mun mayar da uwar kuɗi har da riba. Muka kawo gida, uwargida ta kalle su ta ce, "Alhaji, waɗannan ƙwan zinariya suke yi?" Muka ce ta jira ta gani.

Kaza ta yi kwanci, kwana 21 ta fasa. Goman kuwa suka fito. Amma huɗu ne kawai ruwan toka. Uku baƙaƙe wuluk, uku kuma fari-fari masu ɗige-ɗige kamar an watsa musu ruwan tawada. Ranmu ya ɓaci. Kasuwa ta zagayo muka sami mutumin nan a gaban jama'a muka ce ya cuce mu, ya sayar mana da gauraye da sunan tsantsa. Ya rantse da Allah shi ma haka suke yi masa a gida. Muka ce ƙarya yake yi. Dattawan kasuwa suka shiga tsakani aka rabu ba daɗi. Muka dawo gida, baƙaƙen da suka tasa aka yanka aka yi miya, fararen kuma muka aika wa surukanmu a ƙauye, don ko ganinsu ba mu son yi.

Sai bayan wata da watanni, wani likitan dabbobi da ke yi wa shanunmu allura ya ji labarin, ya yi dariya har ya zauna. Ya ce, "Alhaji, ba wanda ya cuce ka. Ka yanka jarinka ne, sauran kuma ka yi kyauta da shi." Ya ɗauki tsinke ya zana mana a ƙasa. Ga abin da muka fahimta, kuma daga baya muka gwada da hannunmu muka ga haka ne.

Kowane tsako rabo biyu yake karɓa na kowace siffa, ɗaya daga zakara, ɗaya daga kaza. Wannan ruwan toka mai shuɗi-shuɗi asalinsa baƙi ne, sai dai akwai wata ƙwayar gado da ke dusashe baƙin. Tsakon da bai samu ko ɗaya ba, baƙi zai fito. Wanda ya samu ɗaya, daga uwa ko daga uba, shi ne ruwan toka. Wanda ya samu biyu, sai launin ya wanke ƙwarai ya koma fari-fari mai ɗige-ɗige. Ke nan in ka haɗa toka da toka, cikin tsaki 100 wajen 50 ne za su biyo iyayensu, 25 baƙaƙe, 25 farare. Ko shekara ɗari ka yi kana zaɓe ba za ka canja wannan ba, domin ita tokar kanta haɗin gambiza ce, ba ta tsayawa da ƙafarta. Abin mamakin shi ne, in ka ɗauki baƙin nan da muka cinye ka haɗa shi da farar nan da muka kyautar, duk tsakin da za su fito ruwan toka ne, ba ko ɗaya da zai kauce. Wato abin da muka raina shi ne masana'antar.

Mun koma mun nemi mutumin nan gafara a gaban waɗanda muka ci mutuncinsa a gabansu. Ya yafe, Allah Ya saka masa. Amma mun sha tunanin mutum nawa aka kira maƙaryaci a kasuwanninmu a kan irin wannan, kuma zumunci nawa ya lalace.

Wani abin kunyar shi ne, darasin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun muna yara a Islamiyya an karantar da mu hadisin nan da ke cikin Buhari da Muslim, na mutumin da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗan da matarsa ta haifa saboda launinsa ya saɓa da nasu. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Aka tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai, kuma da bakinsa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Aka nuna masa cewa ɗansa ma haka. Mun haddace wannan, mun ci jarrabawa da shi, amma ranar da ya zo mana a akurki ba mu gane shi ba. Turawa ba su rubuta lissafin abin ba sai a 1866, lokacin da wani limamin Kirista mai suna Mendel ya buga sakamakon gwajin da ya yi da wani irin wake a lambu. A 1902 kuma wani Baturen Ingila, Bateson, ya nuna cewa dabbobi ma haka suke gado, kuma da kaji ya yi gwajinsa.

To, ba kowane launi ne ke bin hanyar tokar da muka saya ba, a nan kuwa ake yawan yin kitso da ƙwarƙwata. Akwai wata tokar daban, mai haske da laushi, wadda masu kajin ado ke kira labanda. A ido ɗan koyo ba zai rarrabe su ba, amma gadonsu ya sha bamban. Ita labanda mai ɓuya ce, ba ta bayyana sai tsako ya same ta daga uwa da uba duka. In ka haɗa zakara labanda da baƙar kaza wadda ba ta ɗauke da ita, tsakin farko duk baƙaƙe za su fito, ka ce ka yi asara. Alhali kowannensu yana ɗauke da ita a ɓoye. Sai ka haɗa su a junansu, sannan wajen ɗaya cikin huɗu zai fito da launin. Daga nan kuwa labanda da labanda, labanda suke haifa. Wanda bai san wannan ba, a zubin farko zai yi fushi ya kira mahauci.

Fari ma iri biyu ne. Akwai farin da ke rinjaye, irin na wasu kajin Turawa masu ƙwai, wanda ke danne baƙi tun zubin farko, ko da yake ja yakan leƙo ta kafaɗa. Akwai kuma farin da ke ɓuya, wanda shi ya sa za ka ga jan zakara da kaza wake-wake sun fito da tsako fari fat, mata su yi ta salati. Irin wannan farin kamar farar riga ce a kan mutum, ba ka san abin da ke ƙarƙashi ba sai ka haɗa shi da mai launi ka ga abin da ya fito. Masu sayen shanun madara na Turawa su ma su lura: saniya mai baƙi da fari da bijimi mai baƙi da fari suna iya haifar maraƙi mai ja da fari, kuma ba wani bijimin maƙwabta da ya tsallako shinge.

Akwai kuma launin da ke bin jinsi. Kazar nan mai ratsin baƙi da fari kamar zanen saƙi, in baƙin zakara marar ratsi ya bi ta, 'ya'yanta maza ne kaɗai za su ɗauki ratsin, matan duk baƙaƙe za su fito. Tun ranar ƙyanƙyasa ma ana ganewa, domin namijin yana da ɗan farin tabo a ka. Kamfanonin ƙyanƙyasa da irin wannan suke ware maza da mata tun suna kwana ɗaya. Ya kamata a sani kuma cewa kajin kamfani irin su ISA Brown haɗi ne da aka yi don su yi ƙwai, ba don a ci gaba da iri da su ba. Ka tara ƙwansu ka ba kazar Hausa ta kwanta, abin da zai fito kowa da kamarsa.

Wani abu da likitan nan ya ƙara mana, wanda shi ma yakan haddasa rigima: kaza tana riƙe ruwan zakara a jikinta mako biyu, wani lokaci har uku. Ke nan in ka sayo kaza daga inda take yawo da zakaru barkatai, ka haɗa ta da naka yau, ƙwan da za ta yi jibi ba lalle na zakaranka ba ne. Sai an killace ta mako uku tukuna. Mu masu shanu ba mu saba da wannan ba, shi ya sa muke saurin zargi.

A nan ne muke ganin kaza tana da abin koya wa mai shanu. Ƙwai kwana 21, sagara ta fara ƙwai a wajen wata shida. Ke nan cikin wata bakwai ka ga zuriya guda, cikin shekara biyu ka ga uku. Saniya fa? Ciki wata tara, karsanarmu kuma ba ta cika haihuwar fari ba sai ta kai wajen shekara huɗu. Abin da akurki zai nuna maka cikin shekara biyu, garke sai ya ci maka shekara goma sha biyu. Duk wanda ke son ya gane dalilin da ya sa bijimin da ya saya da tsada bai ba shi 'ya'ya masu kama da shi ba, ya zauna ya lura da kajin matarsa. Makaranta ce mai arha.

Amma akwai ramin da masu bin launi ke faɗawa, kuma mu mutanen Maraɗi da Sakkwato mun fi kowa saninsa. Jar akuyar nan tamu ta yi suna a duniya saboda fatarta da yawan haihuwarta. Tun zamanin Turawa hukuma ta dage a kan ja, ana dandaƙe bunsurun da ba jajaye ba, kuma a 1963 aka buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi don a tsare irin. An yi aiki, ba mu musa ba. Sai dai baƙar akuyar da ke fitowa cikin garke ɗaya da ja an daɗe ana yi mata kallon bare, har binciken da aka buga a 2002 ya gwada su biyun a yankin Maraɗi ya ga ba wani bambancin a zo a gani a aikinsu. A Tukunus ma, can wajen Filinge, inda ake zaɓen shanun azawak tun 1954, launi guda aka tsayar, alhali a hannun makiyaya azawak tana zuwa da launi iri-iri kuma tana ba da nono. Launi tambari ne mai taimakon ciniki. Amma ba launi ke cika ƙwarya ba.

A kaji abin ya fi sauri lalacewa. Mai neman ya tsayar da launi mai ɓuya dole ya haɗa wa da ƙanwa, ko uba da 'ya. Sau ɗaya ko biyu ba laifi. In aka zarce, sai ka ga ƙwai goma uku ne ke fashewa, tsakin ba kuzari, iska kaɗan ta kwashe su. Magani shi ne a riƙe gida biyu, ana musayar zakara da wani mai irin, kuma duk tsakon da ya fito da launin da ake so amma ba shi da ƙwari, a rufe ido a fitar da shi. Wannan shi ne abin da ya fi wuya, domin wanda ya jira shekara guda yana neman launi ba ya iya yanka shi in ya samu.

Sannan a duba ƙasar da za a kawo su. Ƙatuwar nan mai gashi har ƙafa, Brahma, a Amurka aka fitar da irinta daga kajin da aka kai daga Sin, kuma jikinta na ƙasar sanyi ne. A bazararmu, da zafi ke haura digiri 40, sai ka gan ta baki buɗe, fukafukai a saɓe, ƙwai ya tsaya. Mai gashin audugar nan, Silkie, ba ta iya tashi, gashinta kuma ba ya kare ruwa, ga shaho ga muzuru ga damina. Gaskiya tana da kwanci ƙwarai, wannan ba a ƙwace mata ba. Farin tsako kuma, duk matar ƙauye ta san shi shirwa ke fara gani. A gefe guda ga namu da muke rainawa. Kazar nan mai wuya tsirara, da yara ke yi wa dariya, ƙarancin gashin nan shi ke taimakonta jure zafi, kuma gadonsa mai rinjaye ne, tun zubin farko ake ganinsa. Shikirkita mai gashi a murɗe ita ma haka, sai dai kada a haɗa shikirkita da shikirkita, don wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsakin gashinsu yakan yi ta karyewa su zauna kusan tsirara. Ga durgu, ga wake-wake, ga ja mai baƙar wutsiya. Akurkin gidajenmu cike yake da launi, ba wanda ya zauna ya tace shi ne kawai.

Game da algus kuwa, yanzu ya yi yawa. Akwai masu rina 'yan tsaki kore da shuɗi da ruwan hoda su sayar wa yara da marasa sani, gashin fari ya zube launi ya tafi, yawanci kuma mazan kajin ƙwai ne da kamfani ba ya buƙata. Akwai masu tallar baƙin ƙwai a waya wai na Ayam Cemani ne, baƙar kazar nan ta tsibirin Jawa a Indunusiya. Gaskiya ne gashinta da fatarta da namanta har ƙashinta baƙaƙe ne. Amma ƙwanta fari-fari ne kamar na kowace kaza, jininta kuma ja ne. Wanda ya nuna maka baƙin ƙwai, fenti ya nuna maka. Tsako ma ba shaida ba ne, domin sau da yawa gashin jarirai daban, na girma daban. In ba ka ga uwa da uba da idonka ba, cinikin biri a sama ka yi. A babin ciniki na Risala mun karanta hanin ɓoye aibi, da hanin sayar da abin da ke cikin cikin dabba. Mu ba masu fatawa ba ne, amma muna ganin ya dace a tambayi malamai matsayin wanda ya sayar da ƙwai ninki goma bisa alkawarin launin da shi kansa ba shi da tabbacinsa.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa muka ce wannan magana ta ƙungiya ce, ba ta mata da yara kaɗai ba. Waɗanda suka kai shekarunmu sun tuna bushiyar 1983, yadda garke ke kwantawa cikin kwanaki, mutum ya wayi gari da sanda kawai a hannu. Allah Ya kawar mana da ita, a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya. Amma kaji suna da tasu. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare an tabbatar da ita a Magarya. A duba tazarar, a duba kwanakin. Cuta ba ta da fasfo, a mota take tafiya. An kashe kaji bila adadin, an hana zirga-zirga da su, talakawa suka yi kuka. Ta sake dawowa a 2015, ta kuma dawowa a 2021. Ga wanda ke cewa wannan matsalar masu kaji ce, a watan Maris na 2024 an sami wannan cuta a jikin shanun madara a Amurka, abin da da can ba a zata ba. Mu kuwa muna ɗaure keji a motar da shanu za su shiga gobe.

Ko ba murar tsuntsaye, akwai annobar nan da ke share kaji duk hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasil. Kazar da ta kwana biyu a mota, cikin rana da ƙura, ta ratsa kasuwa uku, ita ce ta fi saurin ɗauko ta. Ka iso gida cikin dare ka sake ta a tsakar gida, bayan mako guda kajin uwargida sun fara sandarewa suna murɗe wuya. Mu tuna fa, kajin nan ba namu ba ne. Su ne asusun matanmu, da su ake sayen sabulu da littafin yaro da maganin zazzaɓi in muna can kudu wata guda. Mutum ya kashe wa matarsa kaji talatin saboda yana son a ce shi ke da baƙar kazar Indunusiya a unguwa, wannan ba burgewa ba ce, garin neman gira ne a rasa ido.

Sai kuma kan iyaka. Mun ga rufewar Agusta 2019 da ta kai har Disamba 2020, mun ga ta 2023 da ba a buɗe ba sai Maris 2024. Mun san abin da kwana ɗaya na tsayuwa ke yi wa dabba a cikin tirela. Takardun shanunmu muna biya muna karɓa, da wahala da komai. To, don me za mu bar keji guda marar takarda ya zama dalilin da ma'aikaci zai ce a faka a gefe? In aka yi shelar cuta, shi ma'aikacin gaskiya gare shi, ba mu da bakin magana. Kazar yaron mota ta jika kaɗan za ta tsayar da dukiyar mutum biyar ta miliyoyi a rana.

Saboda haka muna ba shugabanni shawara a sa wannan cikin abin da za a tattauna a zama mai zuwa. Ra'ayinmu shi ne kada motar da ke lodi da sunan ɗan ƙungiya ta ɗauki kaza mai rai ta tsallaka iyaka sai da takardar likitan dabbobi, kuma mai mota shi zai amsa laifin yaransa. In an ji shelar murar tsuntsaye a ko wane ɓangare, a dakata gaba ɗaya, da takarda ko babu. Wanda ya kawo kaza gida kuma ya ware ta nesa da sauran mako uku zuwa huɗu, da mazubin ruwanta daban, kafin ya haɗa. Rigakafin Niyukasil ɗin nan da ake ɗigawa a ido, irin wanda ake yi a Vom kusa da Jos, ba shi da tsada, ana maimaita shi duk bayan wata uku ko huɗu, kuma ya kamata a yi shi kafin hunturu ya kama. Mun san akwai 'yan'uwa da wannan ciniki ya zame musu ɗan abin cefane, ba mu ce a toshe musu ba. Ai in suka koyi haɗa launin a gida, sun huta da dakon keji daga Badun, kuma abin da suka ƙyanƙyashe a nan ya riga ya saba da zafinmu.

Abin da ake buƙata bai wuce ɗan akurki biyu ko uku na raga ba, da zare mai launi a ɗaura wa tsako a ƙafa, da littafi a rubuta wane zakara ya bi wace kaza, me ya fito. Bafulatani yana iya lissafa maka uwar saniyarsa da kakarta da kakar kakarta ba tare da takarda ba. Matanmu ma sun san kajinsu haka, in dai za mu zauna mu tambaye su.

Mu dai mun aika ƙauye an dawo mana da biyu daga fararen nan, surukai suna ta mamakin mutumin da ke karɓe kyautarsa. Muka nemo baƙin zakara a wurin mutumin nan da muka taɓa zagi, muka killace su mako uku. Ƙwai goma sha ɗaya, tara suka fashe, taran nan duk ruwan toka. Uwargida ta ce tun da ita ke ba su dusa da gara, nata ne, kuma ta riga ta sayar da huɗu ba ta gaya mana nawa ba. Wanda ke son ya ga sauran ya same mu bayan sallar Juma'a, amma don Allah kada ya zo da kazarsa a hannu.